Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Masu Hoton Studiyo

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan sana'a.

A babban taronmu na bara kun ɗora wa kwamitin gudanarwa nauyin gano abin da ke sa hotunan da yawa daga cikinmu fitowa da tsaki-tsaki, musamman a inuwar fuska da labulen baya. A kan wannan muka fi ba da ƙarfi bana.

Da muka zagaya studiyoyin mambobi, kusan matsala ɗaya muka tarar: haske bai isa ba. Da an ɗauke wuta, ko janareta ya kasa jan fitilu, sai a cilla ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 1600 ko 3200, a ɗauka cikin duhu-duhu, daga baya a ƙara haske a kwamfuta. To wannan ƙarin ne ke tono tsakin da ya ɓuya a inuwa. Abin ya fi muni ga fatarmu idan mutum ya sa farar shadda: kyamara tana ganin farin sai ta rage haske, fuska ta nutse, wajen ceto ta kuma hoton ya lalace.

Shi ya sa bitar da muka shirya ta koma kan haske tun kafin a danna. Kowa ya gwada da hannunsa: ISO 100 ko 200, buɗin lens f/8, gudun buɗewa da rufewar kyamara 1/160 na daƙiƙa, filasha cikin laima kusa da fuska, farin allo a ɗaya gefen yana mayar da haske ƙarƙashin haɓa. Aka buga hoton amarya guda ta hanyoyin biyu, tsohuwar hanya da wannan sabuwar, aka jera. A na biyun har zaren leshi da layin lalle a bayan hannu ana iya bi da ido. Mun kuma nuna filasha mai batir irin Godox AD200, wadda ba ruwanta da ɗauke wuta, muka roƙi kowa ya riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta matse ba.

Game da manhajoji, Denoise, abin rage tsaki da Adobe ta saka a manhajarta ta gyaran hoto Lightroom a 2023, yana aiki sosai, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. Damuwarmu ita ce yawan gogewa. Idan aka shafe fatar dattijo har zanen fuskarsa ya ɓace, ba shi aka ba iyalinsa ba, kuma kwamiti bai goyi bayan irin wannan gyara ba.

Lokacin hunturu an yi ranar goge sensa, wato ɓangaren cikin kyamara da ke ɗaukar hoton, domin ɗigon ƙura daban yake da tsaki, kuma ya fi fitowa idan an matse buɗin lens. An kuma ja kunnen yaran shago su riƙa tura wa kwastoma hoto a WhatsApp a matsayin fayil, don kada a matse shi.

Asusun sayen filasha na haɗin gwiwa bai kai ga tashi ba, saboda kuɗin wata bai shigo yadda ya kamata ba. Muna roƙon masu bashi su biya wurin ma'aji kafin azumi, don waɗanda ba su da filasha su samu aro kafin cunkoson hotunan Sallah.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa