Zuwa ga Uwata, kafin ki tashi zuwa Gambiya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da amaryata 'yar rigima. Mu nan lafiya lau, an gama yankan gero, saura wake da riɗi.

Takardun da kika aiko ta hannun ƙaninki sun iso. Na sa tabarau na karanta su sau biyu a zaure, na ga cibiyar binciken lafiya ta MRC da ke Fajara ta ba ki gurbin horo na shekara guda kan zazzaɓin cizon sauro. Tunda mijinki ya amince, abin da ya rage a wurina albarka ce, na kuwa sa miki. Baffanki ya zo har sau biyu yana tambayar me mace za ta je nema a bakin teku. Na ce masa akasarin mutanen Gambiya Musulmi ne, ba za ki rasa jin kiran salla ba. Bai gamsu ba tukuna, amma ki bar ni da shi.

A waya ba na iya doguwar magana, kin san layin garin nan sai an hau tudun makaranta. Shi ya sa na ɗauko biro, don akwai labarin da kika sha ji a bakina guntu-guntu, yau ina so ki ji shi ɗungurungum.

A 1972 ina ɗan shekara 10. Duk bayan mako 10 sai motoci su shigo garinmu, a tara mu gindin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa. Wani malami da ƙatuwar rajista yana kiran suna gida-gida, wani ya kama yatsanka ya tsira masa allura, ya ɗiga jinin a kan ɗan gilashi, ya rubuta lamba. Da dare kuma sai ka ga ƙarti sun zauna sun naɗe wando har gwiwa, da tocila da ɗan bututu a baki, suna jiran sauro ya sauka a ƙafarsu su zuƙe shi. Mu yara muka ce lalle mutanen nan sun taɓu. Ranar feshi kuwa, kakarki da kika ci sunanta sai ta fito da ƙorai da tukwane tsakar gida tana mita, wai an mayar da ita mai ƙaura.

Wannan shi ne aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi tare daga 1969 zuwa 1976, lokacin muna cikin Jihar Kano, tun ba a yi Jigawa ba. Tambayarsu ita ce: in an haɗa feshin ɗakuna da rabon magani ga kowa da kowa, za a iya yanke zazzaɓi a ƙasa irin tamu? Cutar ta yi ƙasa sosai, mutuwar jarirai ta ragu, amma ba ta yanke ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, wani sauron in ya ciji mutum ba ya maƙalewa a bango inda maganin yake, waje yake ficewa. Da aka daina aikin, zazzaɓi ya dawo. An buga sakamakon a littafi a 1980, kuma har yau masu lissafin yaɗuwar cutar suna amfani da alƙaluman. Ni dai a bakinki na fara jin wannan, ranar da kika zo hutu kina aji huɗu, kika ce malaminku ya ambaci Garki a darasi. Kin tuna dariyar da na yi? Ashe jinin yatsana ya riga ki shiga jami'a.

Aiki ne mai kyau, ban kushe shi ba. Sai dai a wancan zamani rabonmu a cikinsa shi ne yatsa da ƙafa da rajista, don masu ilimin tsara tambaya da fitar da amsa ba su da yawa a cikinmu. Yanzu ga shi jikar waccan mai mita za ta zauna inda ake tsara tambayar. To kada ki je ki dawo da ƙwarewar hannu kawai. Duba jini a madubin likita kin riga kin iya tun a Kano. Ki maƙale wa masu lissafin alƙaluma, ki koyi yadda ake rubuta takardar neman kuɗin bincike, don wanda ya nemo kuɗin shi ke zaɓar abin da za a bincika. In kuma aka ce za a haɗa gwiwa da ke a wani aiki, tun kafin a ɗebi jinin mutum ɗaya ki tambaya ina za a kai jinin, wa zai riƙe bayanan, sunan wa zai fito a takarda in an gama. Ki tambaya da ladabi, amma ki tambaya, a kuma rubuta. Na san halinki na kunya, irin na uwarki ne. A wannan fage mai kunya shi ke zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. Cikin wannan annoba aka sa yara 200 a gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, 11 suka rasu. Kamfanin da ya yi maganin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, mu ma nan Jigawa mun ji a jikinmu. Lokacin ina malamin asibiti, ina yawo da akwatin sanyi a kafaɗa. Wata tsohuwa ta tare ni a bakin zaure ta ce, "Malam, jikana ya yi zazzaɓi, na kai shi asibiti aka ce in sayo magani. Wannan ɗigon kuma har ɗaka kuke bin mu da shi kyauta. Me ke cikinsa?" Na tsaya riƙe da akwati na rasa ta cewa. Sai a 2004 Kano ta koma rigakafin, bayan an kawo maganin daga Indunusiya, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan, kin san biyu a unguwarmu.

Saboda haka duk ranar da kika miƙa wa mutumin ƙauye takardar amincewa, ki sani dangwala yatsa ba shi ne yarda ba. Ki zauna a tabarma ki faɗa masa da harshensa me za a yi, me zai iya biyo baya, ki kuma gaya masa yana da ikon cewa a'a ba tare da an hana shi magani ba. A Gambiya ba Hausa za ki tarar ba, Mandinka da Wolof da Fulatanci ne, don haka ki girmama tafintanki, shi ne bakinki.

Kada ki ɗauka ina tsoratar da ke daga baƙi ne. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac haɗin gwiwa ce ta haife ta: Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka jagoranta, aka sarrafa ta a Indiya kan ƙasa da rabin dala kowace ɗaya, aka fara a Burkina Faso a 2010, ta iso Nijeriya a 2011. Da hannuna na yi ta, na kuma ga yadda bazara ta daina zuwa mana da wancan nau'in sanƙarau. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata da damina, shi ma gwaje-gwajen da aka yi a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiyar da za ki ne suka tabbatar da amfaninsa, kafin hukumar ta amince da shi a 2012.

In shekarar ta ƙare kina son ci gaba, ƙofofi suna nan: shirin TDR na binciken cututtukan ƙasashe masu zafi, da ke ƙarƙashin inuwar Hukumar Lafiya ta Duniya, yana ba da tallafin digiri na biyu, har Jami'ar Ghana na cikin masu karɓar ɗalibansa, akwai Commonwealth da Chevening na Birtaniya, akwai gidauniyar Wellcome, da EDCTP, haɗin gwiwar Turai da Afirka kan gwajin magunguna. Tallafin gaskiya ba ya neman ki biya dillali, ki gaya wa ƙannenki wannan. Kuma kada ki yanke igiya da malamanki na Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano. Kin ga yadda Amurka ta datse tallafin lafiya a 2025, ayyuka suka tsaya cak a ƙasashe da dama. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba zan sa ki rantse cewa za ki dawo ƙauye da zama ba, wannan tsakaninki da mijinki ne da abin da Allah ya tsara. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Duk aikin da kika yi a kan jinin mutane, in an gama ki koma garinsu, a tara su a ƙofar mai unguwa, ki faɗa musu abin da aka gano, ko da abin da aka gano shi ne maganin bai yi aiki ba.

Uwarki ta ɗaura miki kuka da daddawa da yaji, ta ce a kai miki ranar Juma'a. Ki sa katin allurar shawara cikin fasfo tun yanzu, kada ki neme shi a filin jirgi. Amaryata kuma ki turo mana ita ta kwana biyu kafin ku tashi, akuyarta ta haihu, 'yan biyu.

Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya.

Mahaifinki.