Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Alvaro Lario, Shugaban Asusun IFAD

Mai girma Shugaba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗaliba ce mai karatun aikin gona a jami'a. Na rubuto muku ne saboda tun 1977 da aka kafa asusun nan na Majalisar Ɗinkin Duniya mai tallafa wa aikin gona da kuke shugabanta, ƙaramin manomi ya sa a gaba, kuma ƙungiyoyin agaji suna jin maganarku.

Bara aka tura mu sanin makamar aiki wani ƙauye, inda wata ƙungiya ta taɓa kafa gonar gwaji. Allon sunanta na nan tsaye, ko fentinsa bai koɗe ba, amma famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana ya daɗe da mutuwa. Wani dattijo ya buɗe mini akwatinsa, ya nuna mini wata 'yar na'ura da ta ƙone, ba ta kai tafin hannu ba. Babu mai gyara, babu inda ake sayar da ita, masu aikin kuma sun tafi tunda wa'adinsu na shekara 3 ya cika. Matan da suka saba da noman rani sun koma jan guga. Har yau abin na ci mini rai.

Ba na shakkar niyyar ƙungiyoyin nan, akwai waɗanda suka yi rawar gani. Sai dai dabarar da manomi zai iya koya wa maƙwabcinsa ita ke daɗewa. Marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, da fartanya da takin gargajiya ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu, ta hanyar ramukan da ake kira "zai", masu riƙe ruwan sama, har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. A Nijar, tun 1983 Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya lura cewa kututturan da ake sarewa suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka riƙa barin tohon suna yi masa aski, itatuwa irin su gawo suka dawo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ya ƙara wa ƙasa taki ba tare da ya tare wa shuka rana ba. Wannan aiki bai jira jirgin ruwa ya kawo masa kayan gyara ba.

Roƙona gare ku shi ne, duk ƙungiyar da za ta yi aiki da kuɗinku, a wajabta mata komawa bayan shekara 5 da rufe aiki, ta ƙirga abin da ya rage yana aiki, a buga sakamakon kowa ya gani, ko da mai ɗaci ne. Kada a girka na'ura sai an horar da mai gyaranta a wurin. Mu ɗalibai ma a tura mu wannan bibiya, mu zauna da manoman mu rubuto abin da suka faɗa da bakinsu.

Na gode da sauraro.

Taku,
Ɗalibar aikin gona