Guguwar rana ba ta ƙasashen sanyi kaɗai ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk sanda aka yi guguwar maganaɗisu, wato iska mai caji daga rana ta girgiza maganaɗisun duniya, hoton da ake nuna mana shi ne na jan haske da kore a samaniyar Turai da Amurka, kamar na 10 da 11 ga Mayu 2024, guguwar da rabon a ga irinta tun Oktoba 2003. Sai mai karatu ya ɗauka ba ruwanmu. Alhali kuwa muna cikin waɗanda abin ya fi shafa, illa dai namu ba ya zuwa da ado.

Layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu, a nan yankinmu ya hauro ne ya ratsa arewacin Najeriya, ba nesa da Bauchi da Gombe ba. A bisa wannan layi, wajen kilomita 100 zuwa 110 sama, akwai siririn kogin lantarki da ke kwarara zuwa gabas a lokacin rana. A Huwankayo ta ƙasar Peru aka fara lura da shi, marigayi Farfesa Cyril Onwumechili kuma ya daɗe yana nazarinsa tun yana Ibadan.

To, idan rana ta yi aman iska mai caji, cikin kwana ɗaya zuwa uku ta iso, sai maganaɗisun duniya ya hau kaɗawa. Akwai nau'in bugun da kowane zagayensa ke cin minti biyu da rabi zuwa goma. Ta ƙuryar duniya ta arewa da ta kudu abin yake shigowa, amma kafin a ce me, ƙarfin lantarkinsa ya iso kanmu. Da yake wannan sashe na samaniyarmu ya fi ɗaukar lantarki da rana, bugun kan fi girma a nan fiye da ƙasashen da ke tsakani. In ya tura gabas, sai ya cicciɓa iska mai caji da ke samaniyarmu sama, in ya juya yamma ya danne ta. Bayan wasu awoyi, iskar da ta yi zafi a ƙuryoyin duniya ta gangaro ta sake birkita lissafin.

Mafi wuyar lokacin shi ne bayan magariba. In turin ya zo daidai nan, sai ramuka su buɗe a cikin iskar, saƙon tauraron ɗan'adam ya riƙa tsinkewa. Ma'aikacin safiyo ya kafa na'urar GPS bisa ƙafafunta uku, lambobi sai rawa suke, sun ƙi zama. Dattijo ya kara rediyo a kunne yana murɗa gajeren zango, murya ta zo ta tafi. Ba wai duk layin wayar da ya ɗauke za a ɗora wa rana ba fa, kada kamfanoni su sami mafaka.

Roƙona shi ne, tun da Cibiyar nazarin awon ƙasa ta hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa (NASRDA) tana nan Toro cikin Jihar Bauchi, da na'urar karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, ku tura wakilinku ya tambayo abin da ta gani a daren 10 ga Mayu 2024, a bayyana mana da Hausa.

Naka,
Wani malamin kimiyya, Bauchi