Dogo, tankina ya fara fitar da gas

Assalamu alaikum, Dogo. Ya gida, ya Amarya, ya mutanen majalisa? Na san kun gama yanke min hukunci cewa Indiya ta cinye ni. Saƙonka na gan shi tun kafin Maulidi. Bari in fara sauke abin da ke cina: tankina na gwajin tace ruwan dattin masana'antar sukari ya fara fitar da gas.

Na san ba ka ga abin murna ba, kai da ka je ka ce wa Goggo wai na ƙetare teku don kiwon ƙwayoyin cuta, har ta bugo tana tambaya ko ana yi mana allura. Bashi ka ci.

Ka ga rake, kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Masana'antar sukari ta matse shi, ta dafa, ta wanke injuna da daɓe, duk wannan dagwalon da ɓurɓushin sukari da man inji sai ya nemi hanyar fita. Mutane suna zaton guba ce a ciki, alhali babbar matsalarsa zaƙi. In ya shiga rafi, bakteriyar rafin su samu banza, su ci su hayayyafa, su shanye iskar oksijin ɗin ruwan kaf, da safe a tarar da kifi ya juya ciki sama. Warin kuwa ba zan bayyana maka ba, wataƙila kana cin abinci. Ma'aunin da muke amfani da shi BOD ake ce masa, wato yawan oksijin da ƙwayoyi za su sha kafin su cinye dattin. Na masana'antar sukari yakan haura miligiram 1,000 a lita, dokar ƙasar nan kuma ta ce 30 kafin a sake shi a kogi. Tun 2016 ma suka ƙayyade cewa kada ruwan da ake zubarwa ya wuce lita 200 a kan kowane tan na rake. Mu aikinmu mu tsare ƙwayoyin a tanki su yi cinsu a can, kafin ruwan ya ga rafi.

Irin tankin da nake gwadawa wani ɗan Holan ne, Gatze Lettinga na jami'ar Wageningen, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1970, kuma da ruwan masana'antar sukari aka fara gwada shi, sai dai nasu sukarin daga wata saiwa ake yi, ba rake ba. Ruwa na shiga ta ƙasa, ya ratsa laka mai cike da bakteriya da suka dunƙule kamar ƙwayar gero, ya fita ta sama, gas kuma a tare shi a ƙona. A ciki gida biyu ne. Na farko masu haɗama, suna mayar da sukari tsami nan da nan. Na biyu su ke mayar da tsamin gas, amma malalata ne, ga saurin fushi. Tsami ya ɗan yi yawa, sai su yaje aiki. Kuma ka san da me muka kafa su? Kashin shanu, Dogo. Ni da digirina biyu, da bokiti, a bayan wani mai kiwo. Ka gaya wa Baffa shanunsa arziki suke zubarwa a garke.

Af, ashe da gaske ne Ɗan Liti ya shiga siyasa? Mutumin da ya kasa riƙe kuɗin gudunmawar ajinmu? Na ga fastarsa a WhatsApp, har da jar hula. Allah ya kyauta.

Abin da ya sa gas ɗin nan ya faranta min, ƙwayoyin da na kafa a baya mutuwa suka yi. Masana'antar da ke ba mu ruwa ta wanke tukwanenta da soda, ruwan wankin ya biyo cikin wanda aka kawo mana, babu wanda ya ce uffan. Washegari tanki shiru. Sufabaiza na ya leƙa, ya kaɗa kai irin nasu wanda har yau ban san ko e ne ko a'a ba, ya wuce. Yanzu kuma fargabata lokaci. A nan Uttar Pradesh daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu ake matsar rake, daga nan inji ya tsaya, ƙwayoyi su zauna da yunwa wata da watanni. Shi ya sa nake jin haushin 'yan kasuwar da ke tallar bakteriya a leda, wai zuba ka huta. Ƙwayoyin ba su da wuyar samu. Mai haƙurin auna tsami kullum safe da yamma, da tafki guda da za a fara tara ruwa ya daidaita kafin ya shiga tanki, su ne aikin. In Allah ya mayar da ni gida, wannan zan faɗa wa duk wanda ya saurare ni a masana'antar sukari ta Numan ko ta Sunti, ko da ba su ba ni kujera ba.

Sanyin Kanpur ya shigo, hazo har ba ka ganin mai keke sai ya kusa taka ka. Miyarsu kuma na gaji. In ka ji wani zai taho, a sako min daddawa da kuka da yajin Goggo, a naɗe sosai, na wancan karon sai da ya sa duk kayan bawan Allah suka ɗauki ƙamshi. Ka gaida Amarya, ka ce mata na ji labarin tumbin da ka ajiye.

Naka,
Likitan Goggo