Rahoton Ayyukan Shekara: Katin Fakin na Masu Wahalar Tafiya a Zangunan Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan ƙungiya na Aboabo, Asawase, Sawaba da Akwatia Line, ga bayanin aikin da kwamitin zirga-zirga ya yi a bana. Tambaya guda ce ta cinye mana mafi yawan shekarar: wa ya cancanci gurbin ajiye mota da aka keɓe wa naƙasassu, kuma me zai nuna wa mai gadi ya yarda cewa shi ne?

Sai an san inda doka ta tsaya kafin a gane dalilin wannan aiki. Dokar Naƙasassu ta Gana mai lamba 715, ta shekarar 2006, a sashe na 26 ta wajabta wa kowace Asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma, da duk mai gudanar da wurin ajiye motoci su shata wuri na musamman da naƙasassu kaɗai za su yi amfani da shi. Nan ta tsaya. Sashen bai faɗi yawan guraben ba, bai faɗi faɗinsu ba, bai ambaci kati ko wanda zai tantance ba. Hukuncin da ke sashe na 30, wato tarar da ba ta wuce ma'auni 50 ba, sidi 600 ke nan a kan sidi 12 kowane ma'auni, ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko duka biyun, ya shafi direban da ya ƙi tsaya wa naƙasasshe mai son ƙetare titi, da mai bas ɗin haya da bai ware kujeru biyu ba. Lafiyayyen da ya mamaye gurbin fakin ba ya cikin wannan sashe. Saboda haka duk inda gurbin ya yi aiki, mai wurin da mai gadinsa ne suka tsare shi.

Ma'anar naƙasa a dokar kuma mai faɗi ce, ta haɗa da matsalar gani, ji da magana. Kurman da ƙafafunsa lafiya lau naƙasasshe ne a doka, yana da haƙƙoƙinsa, har lasin tuƙi sashe na 27 ya ba shi damar mallaka in ya ci jarrabawa. Amma gurbin bakin ƙofa ba zai ƙara masa komai ba, zai dai hana mai keken guragu. An yi muhawara mai zafi a kan wannan a babban taro, daga ƙarshe aka amince cewa ƙarfin tafiya za a riƙa aunawa, ba sunan ciwo ba.

Ga ma'aunin. Wanda ba ya tafiya sam sai a keke ya cancanta kai tsaye. Haka wanda aka yanke wa ƙafa, ko yana da ƙafar roba ko babu, domin dungun yakan ji rauni a doguwar tafiya, musamman ga masu ciwon suga. Sauran kuwa ana duba ko mutum zai iya cin mita 50 a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da ya tsaya hutawa ba, ko ya yi haki mai tsanani, ko zafi ya tsayar da shi, ko ya nemi faɗuwa. Wannan awon daga Ingila muka aro shi, inda mita 50 ke cikin ma'aunan ba da shuɗin katin fakin nasu. Ta nan ne masu shan inna, masu shanyewar ɓarin jiki, masu amosanin gwiwa da ƙugu, da masu sikila da ciwon ya ci musu kan ƙashin cinya suke shigowa. Masu ciwon zuciya ko huhu ma suna shiga, ko da ba su riƙe sanda, kuma su ne aka fi yi wa kallon banza idan sun fito daga mota da ƙafafunsu. Makaho ya cancanta, domin ratsa filin da motoci ke ja da baya haɗari ne a gare shi. Tsufa shi kaɗai ba ya ba da kati. Mun san wannan magana ta yi wa wasu iyayenmu nauyi, amma dattijon da ke takawa masallaci sau biyar a rana da ƙafarsa bai kai yarinyar da ake ciccibawa buƙata ba.

Mai neman katin fakin na ƙungiya zai kawo Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, hoton fasfo biyu, da takardar likita ko ta mai gashin ƙashi daga asibitin gwamnati, kamar Komfo Anokye ko Manhyia, wadda ba ta wuce wata shida ba. A nan ne yawancin takardun da muka mayar suka samu cikas. Likita yakan rubuta sunan ciwon kawai ya buga hatimi, alhali abin da kwamiti ke nema shi ne nisan da mutum ke iya tafiya, da me yake dogarawa, kuma lalurar ta zauna ke nan ko ana sa ran sauƙi. Ku roƙi likita ya rubuta waɗannan ukun. Cikas na biyu sunan da ke takardar asibiti ya saɓa da na Ghana Card, a nan Mohammed, a can Mumuni. Na uku a aiko ɗa ko jika da takardu ba tare da mai lalurar ba. Wanda fitowa ta gagare shi, 'yan kwamiti biyu za su same shi a gida, mace ga mace.

Kati kala biyu ne. Na lalurar da ta zauna yana aiki shekara uku. Na wucin gadi, ga mai karaya ko wanda aka yi wa aikin gwiwa ko ƙugu, wata shida ne, ana sabunta shi sau ɗaya da sabuwar takardar asibiti.

Katin na mutum ne, ba na mota ba, shi ya sa muka ƙi yin sitika mai mannewa a gilashi. Galibin mambobinmu ba su da mota, tasi ko pragya (babur mai ƙafa uku) ko motar maƙwabci ke kai su, don haka katin ya bi mai shi duk motar da ya shiga. A ɗora shi a gaban gilashi, lamba da ranar ƙarewa na kallon waje, hoton na ciki. In mai katin ba ya cikin motar, kuma ba shi aka zo ɗauka ba, katin bai halatta ba. Ɗan da ya ɗauki katin mahaifiyarsa ya tafi Adum sayayya, karon farko gargaɗi ne, na biyu a karɓe katin wata uku, kuma tsohuwar ce za ta sha wahalar.

A kula sosai: wannan kati na ƙungiya ne, ba takardar gwamnati ba. Ba ya yafe kuɗin fakin, ba ya ba da izinin tsayawa inda aka hana tsayawa, kuma ba zai hana a ɗaure tayar mota ba. Yana aiki ne a masallatai, makarantu da ƙananan asibitocin da suka yi yarjejeniya da mu. Shuɗin katin da 'yan uwa ke zuwa da shi daga Ingila, ko na Amurka mai ratayawa a madubi, shi ma ba ya tilasta wa kowa komai a Kumasi.

Aikin shata gurabe ya ci gaba a wuraren da suka ba mu dama. Gurbin da muke shatawa faɗinsa mita 2.4, tsawonsa mita 4.8, sai fili na mita 1.2 a gefe mai zane a karkace, jimilla mita 3.6. Wannan filin gefe shi ne ran gurbin, domin sai ƙofar mota ta buɗe gaba ɗaya keke zai matso jikin kujera, kuma shi ne masu babur suka fi cikewa ranar Juma'a. Ƙasar ta zama a miƙe, in da gangara keken zai zame a daidai lokacin da mutum ke tsakanin mota da keke. Inda akwai dakali ko matakala, kowace santimita ɗaya ta tsayi tana son santimita 12 na gangara, wato matakala mai santimita 15 sai gangarar santimita 180. Magina sukan gajarta ta don tattalin siminti, sai ta zama ba ta hawuwa sai da mai turawa. Murfin kwata kuma a haɗe shi ba rata, don ƙananan tayoyin gaba na keke suna maƙalewa su kifar da mutum. Fentin bango ba ya jure damina biyu ta Kumasi, sai fentin titi, a kuma kafa allo a tsaye, tunda mota in ta hau zanen ƙasa ta rufe shi. Duk mai ginin da ya ce bai sani ba, muna tuna masa cewa wa'adin shekara goma da dokar ta ba tsofaffin gine-gine ya ƙare tun 2016.

Kuɗin fenti, alluna da buga kati daga gudummawar wata-wata suka fito, ma'aji zai karanta lissafin a taro.

Badi za mu kai wa Asambulin Asokore Mampong da ta birnin Kumasi takardar roƙon su yi ƙa'idar gari da za ta faɗi yawan gurabe, ta tanadi tara ga mai mamaye su, ta kuma fitar da kati na hukuma. Ana karɓar takardun sababbin masu nema da na sabuntawa a ofis kowace Asabar bayan la'asar. Wanda katinsa ya ɓace ya sanar da sakatare a soke lambar kafin a buga wani, iyalan mamban da ya rasu kuma su dawo da nasa.