Kiwon kaji a tsakar gida: ina haƙƙin mai kiwo ya tsaya, ina na maƙwabci ya fara?

Assalamu alaikum Malam. Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri bisa wannan fili da kake warware wa jama'a matsaloli a cikinsa.

Mu wasu masu kiwon kaji ne maza da mata a wata unguwa cikin birnin Kano. Muna so mu rubuta ƙa'idojin kiwo da za mu kai wa mai unguwa ya sa musu albarka, kafin ƙorafin maƙwabta ya kai ga a ce kowa ya kwashe kajinsa. Ɓangaren kiwon mun san shi. Ɓangaren doka da haƙƙi ne muke neman ka haska mana.

Bari mu fara da yawan kaji, domin daga nan rigimar take tasowa. Kajin Hausa goma a akurki ba su taɓa raba maƙwabta ba. Abin da ya sauya shi ne shigowar kajin gidan gona cikin gidajen zama. Kaza mai ƙwai ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 50 ke nan suna cin kusan kilo 6, buhu mai kilo 25 ba ya wuce musu kwana huɗu. Abin da ya shiga kuma sai ya fito: ɗanyen kashinsu a rana yana kai nauyin abincin da suka ci, wani lokaci ya ɗara, ka ga a mako ana maganar sama da kilo 40. Ruwa kuwa lita 12 zuwa 15 ne a rana, da bazara yana iya kaiwa jarka guda mai lita 25. Idan a ƙasa ake kiwon su, kaji 50 masu ƙwai suna buƙatar ɗaki kamar ƙafa 10 a 12, wato kaza biyar a kowace murabba'in mita. A gidan awon igiya mai ƙafa 50 a 50, da ɗakunan kwana da kicin da banɗaki da rijiya, ina za a samu wannan filin ba tare da an jingina kejin da katangar wani ba? Shi ya sa mafi yawanmu suka karkata ga cewa a irin wannan gida kada manyan kaji su wuce 20 zuwa 30, abin da ya haura haka ya zama gona, a nema masa fili a bayan gari. Wasunmu ba su yarda ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: akwai zawarawa da iyayen marayu da kajin nama 100 da suke fitarwa duk mako shida zuwa takwas su ne kuɗin makarantar 'ya'yansu. Tambayarmu ta farko ke nan. Shin akwai adadin da doka ta yanke a matsayin iyaka tsakanin kiwon gida da na kasuwanci, ko kuwa cutarwa ake dubawa ko da kajin biyar ne?

Mun ce cutarwa, domin a ganinmu kaza ba ta da wari, jiƙaƙƙen kashi ne yake da shi. Duk gidan da ka shiga wari ya buge ka tun daga soro, je ka duba mazubin ruwa, za ka tarar yana zuba a kan shimfiɗa. Idan an zuba ɓuntun shinkafa ko ɓarɓashin katako mai kaurin santimita 5 zuwa 10, ana juya shi, aka ɗora mazubin ruwa a kan bulo daidai tsayin bayan kaza, to kashin yana bushewa ne a wurin. Gwajin mai sauƙi ne: ka damƙi shimfiɗar ka matse. In ta wargaje da ka buɗe hannu, lafiya lau. In ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe, kuma daga nan take fara fitar da iskar nan mai yaji da ke sa ido hawaye. Tun kafin ta kai hancin maƙwabci ta riga ta ƙona wa kajin ido da maƙogwaro, shi ya sa mai ƙazamin keji ba ya rabuwa da sayen maganin mura. Ƙuda kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 yake yi daga ƙwai ya zama mai tashi. Wanda yake kwashe jiƙaƙƙen kashi sau biyu a mako ya katse masa hanya, wanda yake bari sai ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ya raini zuriya uku ya sakar wa unguwa. Abin takaici ma shi ne kashin kajin nan shi kansa kuɗi ne, masu noman masara da 'yan lambu suna sayen busasshensa buhu-buhu, amma sai ka ga an wanke shi da ruwa an tura ta rariya zuwa kwatar lungu, inda yara ke wasa.

A kan wannan mun rubuta cewa ba a wanke keji zuwa kwatar waje, ba a jingina keji da katangar da tagar ɗakin kwanan maƙwabci take, ba a ajiye taki kusa da rijiya, kuma abincin kaji a cikin duro mai murfi yake kwana. Wannan na ƙarshen saboda ɓera da gafiya ne. Buhun abinci a ƙasa shi yake tara su, kuma ba sa tsayawa a gidan da aka ciyar da su, ta ƙarƙashin katanga suke haƙa rami su faɗa ɗakin ajiyar maƙwabci. Ragar da za ta tsare su sai mai ido rabin inci, kuma a yi wa gindin kejin daɓen siminti.

Zakara ba mu daɗe a kansa ba. Kaza tana yin ƙwai ba tare da shi ba, sai mai son ƙyanƙyasa ne yake buƙatarsa, shi ma ɗaya ya ishi kaji goma. Mun ce gida ɗaya zakara ɗaya.

Inda muka fi jin tsoro shi ne cuta. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, ta kuma shigo Kano, sannan ta dawo a 2015. Cuta ce da ake kai rahotonta ga hukumar kula da lafiyar dabbobi, ba a ɓoye ta. Amma a aikace me ake yi? Kaji su fara mutuwa biyar-biyar, zanko ya yi duhu, fuska ta kumbura, sai mai su ya yi maza ya yanka sauran ya kai kasuwa da araha, matattun kuma a jefa bola, karnuka da angulaye su raba su unguwa-unguwa. Ƙa'idar da muka tsara ita ce: kazar da ta mutu a binne ta a rami mai zurfin kamar mita ɗaya, a barbaɗa farar ƙasa, nesa da rijiya, sabuwar kaza daga kasuwa ta yi mako biyu a ware kafin a haɗa ta da na gida, rigakafin Lasota na cutar Newcastle, wata annobar kaji daban da murar tsuntsaye, da na cutar Gumboro a yi su bisa jadawalin likitan dabbobi, kajin Hausa kuma a ɗiga musu rigakafin I-2, shi ma na cutar Newcastle, na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom duk wata uku zuwa huɗu, musamman kafin hunturu, lokacin da annoba ta fi share akurki. To amma gidan da bai fi taku goma ba, ga rijiya a tsakiya, ina za a haƙa ramin? Shin hukumar kwashe shara ta REMASAB tana da hanyar karɓar mushen kaji, ko wurin duba-gari na ƙaramar hukuma ya kamata a nufa? Wanda kuma ya ga kajin maƙwabcinsa suna zubewa ya kai rahoto, ya ci amanar maƙwabtaka ne ko ya sauke nauyi?

Sai batun wanda yake da iko. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon tsara yadda ake ajiye dabbobin gida da yawonsu, da kuma kwashe shara. Shin kajin da ake kiwo don sayarwa sun shiga ƙarƙashin wannan? Takardar mallakar fili da ake bayarwa bisa dokar filaye ta 1978 tana bayyana abin da aka ba da filin dominsa, na zama ne ko na kasuwanci. Wanda ya mayar da ɗaki biyu na gidansa wurin kaji 300, sai ya nemi izinin sauya amfani daga hukumar tsara birane ta KNUPDA? Gidajen da ba su da wannan takardar kuma, waɗanda su ne da yawa a lungunanmu, wace ƙa'ida ta hau kansu? Ɗan haya fa, in takardar haya ba ta ambaci kiwo ba, mai gida yana da ikon hana shi?

Ta fuskar addini mun san hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, mun kuma san girman wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Manzon Allah (SAW) game da maƙwabci. Abin da muke so ka fayyace mana shi ne ma'auni. Warin da ke tashi rana ɗaya a mako lokacin kwashe taki, da wanda ke hana mutum cin tuwo a tsakar gidansa kullum, hukuncinsu ɗaya ne? Kazar da aka saki ta shiga gidan wani ta ɓarar da shanyar hatsi, wa zai biya? In kuma ta ci maganin ɓera da maƙwabci ya zuba a cikin gidansa ta mutu, akwai ramuwa?

Abu na ƙarshe, Malam, shi ne matakan ƙorafi. Mun tsara cewa mai ƙorafi ya fara samun mai kajin su biyu, in bai gyara ba cikin mako ɗaya a je wa mai unguwa, in abin ya gagara a kira duba-gari ya gani da idonsa, kotu ta zama ta ƙarshe. Idan muka sa hannu a wannan takarda a gaban mai unguwa da limamin masallacinmu, tana da wani ƙarfi a gaban alƙali ko a zauren sulhu na Hisba? Kuma tana hawa kan wanda ya tare a unguwar bayan an rubuta ta, bai sa hannu ba?

Muna sauraron amsarka. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Naka,
Wasu masu kiwon kaji a birnin Kano