Kada ka bari a shafa wa gidan nan siminti

Ango na dindindin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin can? Wata bakwai shiru, sai da ka ga gidan da ya shiga ranka ka tuna da ni. Na yafe.

Na duba hotunan gidan na kusa da Albion. Irinsa ne aka riƙa ginawa a yammacin jihar New York bayan buɗe mashigin ruwan Erie a 1825, wanda ya haɗa Albany da Buffalo, mil 363. Manoma sun samu hanyar kai alkama kasuwa, kuɗi ya shigo, aka shiga gini da duwatsun nan masu santsi kamar dunƙulen hannu, na gona da na bakin tafkin Ontario. Katako ake hudawa, a riƙa zura su ana ware masu girma ɗaya. Ka leƙa ƙauyen Childs, tafiyar 'yan mintoci ce, akwai cocin da aka gina haka a 1834, ka ga yadda aikin asali yake kafin wani ya ruɗe ka.

Abin da ya dame ni hoto na uku ne, facin nan ruwan toka a ƙarƙashin taga. Siminti ne. Ainihin kwaɓin gidan farar ƙasa ce da yashi, mai laushi, danshi na shiga yana fita. Siminti kuwa yana kulle ruwan a ciki, hunturu ya zo ya daskare ya kumbura, sai ka wayi gari duwatsu sun zubo. Ka tuna katangar ƙasa a cikin birni da aka yaɓe da siminti, yadda take ɓamɓarowa falle-falle bayan damina? To, ciwon ɗaya ne.

Ka karce kwaɓin da makulli: na farar ƙasa zai yi gari, simintin ko gezau. Wajen gyara, da guduma da cizal ake cire facin a hankali, ban da injin yanka. A ƙwaƙule zurfin ya ninka faɗin ramin da ke tsakanin duwatsun sau biyu, a jiƙa, sannan a cusa sabon kwaɓi kaɗan-kaɗan, awo ɗaya na farar ƙasa, kusan uku na yashi mai kaushi. A rufe da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki, in ya bushe da gaggawa tsagewa yake. Kuma kada a taɓa aikin in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius. Na san ka da garaje, ranar da ka biya kuɗi za ka so a kafa tsani.

Af, ka ji mutumin naka ya sake fitowa takarar kansila? Karo na uku ke nan. Hajiya ta ce ko ƙuri'arta bai samu ba wancan karon.

Ka sauka ɗakin ƙasa da tocila, ka caka sukuddireba a kan gungumen da ke ɗauke da daɓen, daidai inda ya shiga bango. In ya nutse, ruɓa ce, sai a rage farashi. Ka duba indararo ma, in ruwan rufi a gindin bango yake zuba, daga nan ɓarnar ta faro. Fentin tagogi kuma a gwada shi, don sai 1978 aka hana fenti mai dalma a gidajen Amurka, ga yara kana da su.

Ka gaida amarya, ka ce yajin da ta yi alkawari har yau ina jira.

Naka,
Abokin cin mushe